Tagar da ke bin ido: gwajin McConkie da Rayner na 1975 da abin da ya tona game da karatu

A shekarar 1975 George McConkie, malami a Jami'ar Cornell da ke jihar New York a Amurka, da Keith Rayner, wanda ya yi digirin digirgir a hannunsa, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai shida 'yan sakandare da aka shaida sun iya karatu sosai. Tambayar da suka sa a gaba gajeriya ce. Idan ido ya tsaya a kan layin rubutu, harafi nawa mai karatu yake amfana da su a wannan tsayuwa guda? Duk wanda ka tambaya zai ce maka layin gaba ɗaya yake gani, wani ma ya ce rabin shafi. Amsar da suka samo ba ta kai ko kusa da haka ba. Dabarar da suka yi amfani da ita kuwa, a kanta aka gina kaso mai yawa na abin da aka sani yau game da yadda ƙwaƙwalwa ke cin rubutu.

Abin da ya sa nake ganin lamarin ya cancanci a bi shi daki-daki shi ne ya raba wata gardama da ta shafi kowane gida mai yaro a makaranta: shin ido ne ke jan karatu, ko kuwa fahimta ce ke jan ido?

Abin da suka tarar

Mai karatu yakan ji kamar idonsa na tafiya salin-alin daga farkon layi zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa ba. Ka ba wani littafi, ka zauna gabansa ka leƙa ƙwayar idonsa ta saman shafin, za ka ga wani abu dabam. Ƙwayar za ta fizga, ta tsaya, ta sake fizga, ta tsaya, jefi-jefi ta ɗan ja da baya, can sai ta yi dogon tsalle ta sauka a farkon layi na gaba. A ɗakin binciken Louis Émile Javal, likitan ido a birnin Paris, aka bayyana wannan wajen 1879. Kafin ƙarnin ya ƙare Edmund Huey a Amurka ya yi ƙoƙarin rubuta motsin. Yakan kashe zafin idon mutum da magani, ya kafa masa ɗan ƙoƙon filasta mai huda a kan ƙwayar ido, ya haɗa shi da siririn tsinken alminiyam da ke zane a kan takardar da aka shafe da kunkunniyar hayaƙi, naɗe a jikin ganga mai juyawa. A haka mutum zai yi ta karatu ta cikin hudar. Daga baya aka koma ɗaukar hoton hasken da ke dawowa daga ido, kuma Guy Buswell a Jami'ar Chicago ya yi aiki mai yawa da wannan hanya a shekarun 1920.

Alkaluman da aka tara a kan balagaggen mai karanta Turanci sun tsaya kusan wuri ɗaya har yau. Kowace tsayuwa takan ɗauki milisakan 200 zuwa 250, wato kusan kwatan sakan, tun da milisakan 1000 ke cika sakan ɗaya. Kowane tsalle yakan ƙetare haruffa 7 zuwa 9, kuma yakan ɗauki milisakan 20 zuwa 40. A cikin tsallen nan ido ba ya kwaso komai mai amfani, ƙwaƙwalwa kan danne gani har sai ƙwayar ta sauka. Daga cikin kowane tsalle 100, guda 10 zuwa 15 na komawa baya ne. Kusan kashi ɗaya bisa uku na kalmomi kuma ido ba ya sauka a kansu sam, musamman gajerun kalmomin nan na haɗa jimla.

Dalilin tsalle-tsallen a ginin ido yake. A tsakiyar tantanin da ke bayan ido akwai wani ɗan wuri da ake kira fobiya, shi kaɗai ne ke gani tangaram. Faɗin abin da yake kamawa kusan digiri 2 ne, daidai faɗin babban yatsanka idan ka miƙe hannu gabanka, wanda a littafi bai wuce haruffa 6 zuwa 8 ba. Daga nan gani sai ya yi ta dusashewa. Dole ido ya yi ta kai wannan ɗan wuri kan kalma bayan kalma.

Abin da ya gagara shi ne sanin amfanin da ake samu daga gefen nan mai dishi-dishi. An gwada hanyoyi biyu. Ta farko, a walƙa wa mutum rubutu na ɗan ƙanƙanin lokaci sannan a tambaye shi me ya gani. Ta biyu, a ƙirga kalmomin shafi a raba da yawan tsayuwar ido. Kowacce da cikas ɗinta. Wanda aka walƙa wa rubutu ba karatu yake yi ba, hadda yake yi ta gaggawa, kuma yana da damar yin cinke. Lissafin rabawa kuwa ya ɗauka cewa abin da ido ya gani a wannan tsayuwa ba zai sake ganinsa a ta gaba ba, alhali ba wanda ya tabbatar da haka.

Yadda aka yi gwajin

McConkie da Rayner sun yi amfani da na'urorin ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na MIT, wata jami'ar fasaha a Amurka. Sun haɗa na'urar da ke bin motsin ido da kwamfuta, kwamfutar kuma ita ke riƙe da rubutun da ke kan allo. Duk inda idon ɗalibi ya sauka, kwamfuta za ta bar masa ainihin rubutu a iya wani faɗi da aka ƙayyade kewaye da wurin, sauran haruffan shafin kuma ta musanya su da wasu. Da ido ya yi tsalle, ta rufe wurin da ya baro ta buɗe inda ya sauka. Wannan fili da ke bin ido shi suka kira taga mai tafiya.

Bari mu kwatanta da jimlar Hausa. Rubutun shi ne:

Manoma sun fara shuka gero bayan ruwan farko ya sauka

Idan tagar mai faɗin gurbi 13 ce, wato ana ƙirga kowane harafi da kowace tazara tsakanin kalmomi a matsayin gurbi ɗaya, ido kuma yana kan harafin h na kalmar shuka, abin da ke kan allo shi ne:

Xxxxxx xxx fara shuka gexx xxxxx xxxxx xxxxx xx xxxxx

Da ido ya tsallaka kan harafin e na kalmar gero, allon ya koma:

Xxxxxx xxx xxxx xhuka gero bayxx xxxxx xxxxx xx xxxxx

Hikimar abin a nan take. Idan taga ba ta kai faɗin abin da mai karatu ya saba amfana da shi ba, za a ga ya tsarge, karatunsa ya yi nauyi. Idan aka yi ta faɗaɗa ta har aka kai inda karatunsa ya koma daidai, ƙari kuma bai ƙara masa komai ba, to an gano iyakar abin da yake ɗauka. Ba a tambaye shi me ya gani ba, ba a kuma dakatar da shi ba. Karatunsa kawai yake yi don ya amsa tambayoyi a ƙarshe, idonsa ne ke ba da shaida.

Sun gwada tagogi daga mai gurbi 13 har mai gurbi 100. Sun kuma sassauya abin da ke wajen tagar. Wani lokaci su cika da x, wani lokaci su sa haruffan da suka yi kama da na ainihi a siffa, wani lokaci waɗanda ba su yi kama ba. Wani lokaci su bar tazarar da ke tsakanin kalmomi, wani lokaci su toshe ta. Da haka ne suka iya rarrabe wane irin bayani ake samu daga wane nisa.

Ga abin da ya fito. A ƙaramar taga, tsayuwa ta ƙara tsawo, tsalle ya gajarce, karatu ya yi tafiyar hawainiya. Da aka kai taga mai gurbi 31, wato 15 a kowane gefe, karatu ya yi kusan daidai da na shafin da ba a taɓa ba. Siffar haruffa ba a amfana da ita fiye da gurbi 10 daga inda ido ya tsaya. Tsawon kalmomi da tazarar da ke tsakaninsu kuwa ana tsinkayo su har gurbi 12 zuwa 15, kuma amfaninsu shi ne gaya wa ido inda zai sauka a tsalle na gaba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa yankin da ake iya gane kalma sosai ya ma fi haka ƙanƙanta, haruffa 7 zuwa 8 ne, kuma layin da ke ƙasa ba a kwasar ma'ana daga gare shi.

Akwai wani abu da ya fi alkaluman ba ni mamaki. Idan taga ta kai faɗin da ya isa, masu karatu sau da yawa ba sa ma lura cewa sauran shafin tarkace ne. Suna zaune gaban allo cike da x, suna jin cikakken shafi suke kallo. Abin ya yi kama da mai tafiya cikin dare da tocila: duk inda ya haska a haske yake, har ya manta cewa bayan ɗan da'irar da ke gabansa duhu ne.

Me ya sa gefe ɗaya ya fi faɗi

Shekara guda bayan haka, a 1976, suka sake gwaji da taga mai karkata, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Sai ga shi mai karanta Turanci ba ya buƙatar fiye da haruffa 3 zuwa 4 a hagunsa, alhali a dama yana buƙatar 14 zuwa 15. Ido kuwa ba ya nuna bambanci irin wannan, yadda yake gani a dama haka yake gani a hagu. To daga ina karkatar ta fito?

Ana iya cewa daga ginin ƙwaƙwalwa ne, domin abin da ke gefen dama na gani ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa yake fara isa, kuma a ɓarin hagu ne aikin harshe ya fi taruwa ga yawancin mutane. Ana kuma iya cewa sabo ne kawai da inda rubutu ke dosa. A 1981 Alexander Pollatsek da Shmuel Bolozky da Arnold Well da Rayner suka raba wannan gardama da 'yan Isra'ila masu karanta Ibrananci da Turanci. Ibrananci daga dama zuwa hagu ake rubuta shi. Da mutanen nan suka karanta Turanci, tagarsu ta karkata dama. Da suka karanta Ibrananci, ta juya hagu. Mutum ɗaya, ido ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya. A 2014 Timothy Jordan da abokan aikinsa suka samu irin wannan sakamako da masu karanta Larabci da Turanci.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ya yi karatun allo da asuba, ya bi baƙaƙen Larabci daga dama zuwa hagu, sannan ya sa kayan makaranta ya je ya bi boko daga hagu zuwa dama, da dattijon da ke karanta waƙa da ajami ya ajiye ya ɗauki jarida, duk suna cikin sahun mutanen da wannan sakamako ke magana a kansu. Hankalinsu na juya akalarsa gwargwadon rubutun da ke gabansu ba tare da sun sani ba. Masu karanta Sinanci kuma, da yake kowane harafi nasu cunkushe yake da ma'ana, tagarsu ba ta wuce harafi 1 a hagu da kamar 3 a dama ba. Faɗin tagar na bin yawan aikin da ke cikin rubutun.

Sauran shaidu duk nan suka nufa. A 1986 Rayner ya auna yara masu fara karatu ya samu tagarsu kusan haruffa 11 ce a dama, ƙasa da ta manya, ko da yake idon yaro ba ya gaza na babba gani. Da aka ba yaran da suka ɗan ƙware rubutun da ya fi ƙarfinsu, sai tagar ta ƙara tsukewa. A 2009 Sébastien Miellet da abokan aikinsa a Jami'ar Glasgow suka yi wata dabara: suka sa kwamfuta ta riƙa ƙara girman haruffa gwargwadon nisansu daga inda ido ya tsaya, don a kawar da matsalar dusashewar gani. Da ƙarfin ido ne ke iyakance taga, da ta faɗaɗa. Ba ta faɗaɗa ba. A 2012 kuma Nathalie Bélanger da Rayner da wasu suka gano cewa kurame da suka ƙware a karatu tagarsu ta fi ta masu ji faɗi, har zuwa wajen haruffa 18, abin da ake dangantawa da sabon da suka yi na kula da abin da ke gefen ganinsu.

Kalmar da ta ɓace, ido bai tashi ba

A cikin 1975 ɗin nan Rayner ya fito da ƙanwar dabarar taga mai tafiya. Akan sa wata iyaka da ba a gani a cikin jimla. Kafin ido ya ƙetare ta, kalmar da ke gaba akan sa wata dabam a gurbinta, ko tarkacen haruffa. Ido na cikin tsallen ƙetare iyakar, kwamfuta sai ta mayar da ainihin kalmar. Mai karatu bai ga sauyin ba, amma idonsa kan daɗe a kan kalmar da milisakan 30 zuwa 50 fiye da yadda zai yi da an bar masa ita tun farko. Ashe tun ido bai isa kan kalma ba ƙwaƙwalwa ta riga ta fara aiki a kanta. An kuma gano daga baya cewa idan kalmar da ido ke kai mai wuya ce, wannan leƙen gaba yakan ragu, domin hankalin ya ƙare a kan ta hannu.

Gwajin da na fi ganin ƙarfinsa shi ne na 2003, wanda Rayner ya yi tare da Simon Liversedge da Sarah White da Dorine Vergilino-Perez. Da zarar ido ya sauka a kan kalma, bayan milisakan 60 sai kalmar ta ɓace daga allo, a bar fili fayau. Mutane suka ci gaba da karatu kusan yadda suka saba, wanda ya nuna cewa ɗaukar hoton kalma ba ya cin lokaci. Amma ga inda zancen yake: idan kalmar da ta ɓace baƙuwa ce wadda ba a cika haɗuwa da ita ba, ido yakan daɗe a kan filin nan da babu komai fiye da idan kalmar yau da kullum ce. Babu abin kallo a wurin. Ido na jira ne ƙwaƙwalwa ta gama ta sallame shi.

Tun 1980 Marcel Just da Patricia Carpenter na Jami'ar Carnegie Mellon suka faɗi wannan a matsayin ƙa'ida, cewa ido na zama a kan kalma muddin hankali na aiki a kanta. Daɗewar tsayuwa ta zama ma'aunin wahala. Doguwar kalma, baƙuwar kalma, kalmar da jimla ba ta shirya mai karatu ya tarar da ita ba, kalma mai ma'ana biyu, duk sukan riƙe ido.

Komawa baya

An daɗe ana ɗaukar komawar ido baya a matsayin mugun sabo da ya kamata a raba ɗalibi da shi. Lyn Frazier da Rayner sun nuna a 1982 cewa idan jimla ta ja mai karatu ya yi mata fassarar da ba daidai ba, ido kan turje daidai kan kalmar da ta tona kuskuren, kuma sau da yawa yakan koma kai tsaye wurin da aka kauce hanya, ba sai ya faro jimlar daga farko ba.

Mai karanta Hausar boko ya san wannan a jikinsa, tun da rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Dubi wannan jimla: Ta daɗe tana duban garin, sannan ta juye shi a tukunya. Da yawa za su fara hango gari mai gidaje da tituna. Da an iso kan juye shi a tukunya, sai hoton ya rushe, ido ya waiwaya kan garin, a sake ɗaukarsa a matsayin garin tuwo. Wannan waiwaye shi ne gyaran da ya ceci fahimta.

A 2014 Elizabeth Schotter da Randy Tran da Rayner, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, suka gwada abin da ke faruwa idan aka hana shi. Suka sa kwamfuta ta riƙa rufe kowace kalma da x da zarar ido ya wuce ta, ta yadda ko an koma baya babu abin gani. Fahimta ta ragu, kuma ba a jimloli masu ruɗarwa kaɗai ba, har a jimloli na yau da kullum.

Sun yi wannan aiki ne a daidai lokacin da manhajar Spritz ke tashe. Manhajar na walƙo kalmomi ɗaya bayan ɗaya a wuri guda a fuskar waya, da alkawarin cewa tun da ido ya huta da tsalle, mutum zai iya cin kalmomi har 1000 a minti. Kafin ita akwai kwasa-kwasan karatun sauri da Evelyn Wood ta fara a birnin Washington a 1959, inda ake koya wa mutane su bi shafi da hannu, su daina komawa baya, su riƙa ɗaukar layi ko sakin layi a kallo ɗaya. Gwajin taga ya riga ya rushe wannan da'awa ta ƙarshe. Da Just da Carpenter da Michael Masson suka auna idon waɗanda suka yi irin wannan horo a farkon shekarun 1980, sun samu suna gudu da kalmomi 600 zuwa 700 a minti, suna tsallake kalmomi da yawa. Sukan kama jigon magana idan rubutun mai sauƙi ne, amma idan aka tambaye su wani bayani da idonsu bai sauka a kansa ko dab da shi ba, ba sa iya amsawa. Abin da suka koya shi ne bin rubutu sama-sama da ƙwarewa, wanda yana da ranarsa ga mai neman abu ɗaya a cikin tarin takardu.

Rayner ya rasu a watan Janairun 2015. A shekarar da ta biyo baya aka wallafa dogon nazarin da ya jagoranta a kan karatun sauri, tare da Schotter da Masson da Mary Potter da Rebecca Treiman. Matsayar da suka cimma ita ce sauri da fahimta suna cin juna, kuma abin da ke ƙara wa mutum gudun karatu na gaske shi ne yawan kalmomin da ya sani da yawan karatun da ya yi. Marc Brysbaert, da ya tattara bincike 190 a 2019, ya samu cewa babban mutum mai karanta Turanci a zuci yakan ci kalmomi 238 a minti a rubutun da ba ƙagaggen labari ba.

Inda na fi damuwa da wannan shi ne batun yaran da karatu ke ba wuya. Idon irin wannan yaro yakan yi gajerun tsalle, ya daɗe a tsaye, ya yi ta komawa baya, kuma wanda ya ga haka zai iya cewa idon ne ke da matsala. Miles Tinker, wanda ya shafe shekaru yana nazarin motsin ido a Jami'ar Minnesota, ya riga ya yi gargaɗi tun shekarun 1950 cewa wannan alama ce ta wahalar karatu, ba ita ce sanadinta ba. Ƙwararren mai karatu ma idan ka miƙa masa takardar da ta fi ƙarfinsa, haka idonsa zai yi. A 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da ta likitocin ido suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa babu hujjar da ke nuna atisayen motsa ido na maganin matsalar karatu da ake kira disleksiya. A kai yaro a duba idonsa, ko yana buƙatar tabarau, wannan wajibi ne. Bayan haka aikin na haɗa harafi da sautinsa ne, da yawaita masa kalmomi, da ba shi littafin da ya dace da matakinsa. Kuma idan aka ga ya koma ya sake karanta layi, kada a tsawata masa.

Iyakar abin da ido ke faɗa

Ƙa'idar Just da Carpenter ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, kuma gwajin iyakar nan na Rayner shi da kansa ya nuna haka, tun da hankali kan riga ido isa kalma ta gaba. Haka kuma wahalar kalma kan bi mai karatu ta bayyana a tsayuwar da ke biye, bayan ido ya riga ya wuce. Doguwar tsayuwa na nuna akwai wahala, amma ba ta faɗin wace iri ce, sai mai bincike ya tsara jimlolinsa yadda abu ɗaya tak zai bambanta. Har yanzu masana na jayayya a kan ko ƙwaƙwalwa na gane kalmomi ɗaya bayan ɗaya ne, kamar yadda tsarin lissafin E-Z Reader na Erik Reichle da Pollatsek da Rayner da Donald Fisher ya ɗauka tun 1998, ko kuwa tana aiki a kan biyu ko uku lokaci guda, kamar yadda tsarin SWIFT na Ralf Engbert da Reinhold Kliegl a Jami'ar Potsdam ta Jamus ya ɗauka. Kuma mafi yawan alkaluman nan daga ɗaliban jami'a masu karanta harsunan Turai aka samo su, don haka bai kamata a ɗora su a kan kowane harshe ido rufe ba.

Sai kuma abin da kowane mai karatu ya sani: ido na iya kai ƙarshen shafi alhali zuciya na kasuwa. A 2010 Reichle da Andrew Reineberg da Jonathan Schooler suka sa mutane 4 suka karanta littafin labari guda sukutum a zama da dama, na'ura na bin idonsu. Aka ce su danna maɓalli duk lokacin da suka farga hankalinsu ya tafi, ana kuma katse su jefi-jefi a tambaye su ko suna tare da labarin. A lokutan da hankali ya tafi, ido ya ci gaba da bin layi, amma tsayuwarsa ta ƙara tsawo, kuma ya rage bambanta kalma mai wuya da mai sauƙi. Dab da lokacin da mutum zai farga ya danna maɓallin kuwa, motsin idon yakan fi kowane lokaci rikicewa.